Man Sanyaya Kwamfuta: Ba Girin-girin Ba, Ta Yi Mai

Tsofaffin ma'aikatan jirgin ƙasa na Kafanchan sun san wani hali na ƙarfe wanda ya kamata kowane mai kwamfuta ya sani. Tun shekarar 1927, sa'ad da garin ya zama mahaɗar layin dogon da ya taso daga Fatakwal ya rabu biyu, ɗaya ya nufi Kaduna ta Zonkwa, ɗaya ya haura Jos, masu shimfiɗa dogo ba sa manna bakin ƙarfe biyu gam. Sukan bar 'yar tsaga a tsakani, domin kuwa ƙarfe yana miƙewa idan rana ta buge shi, ya kuma tsuke idan sanyin dare ya sauka. Mai karatu ya riƙe wannan a ransa, gama a kansa ne maganar wannan mako za ta tsaya.

A Zonkwa, hedkwatar Ƙaramar Hukumar Zangon Kataf, da Kafanchan da Kagoro da sauran garuruwan kudancin Jihar Kaduna, kwamfutar tafi-da-gidanka ta zama jarin mutane da yawa. Da ita mai shagon buga takardu yake ciyar da iyalinsa. Da ita ɗaliban Jami'ar Jihar Kaduna reshen Kafanchan da na Kwalejin Ilmi ta Gidan Waya suke rubuta aikinsu na ƙarshe. Tun shekarar 2015 kuma, da hukumar JAMB ta mai da jarrabawarta gaba ɗaya kan kwamfuta, yaran da suka gama sakandare suke neman inda za su koyi danna ta kafin ranar ta zo. Galibin waɗannan na'urori kuwa 'yan tokumbo ne, irin su HP da Dell da Lenovo, waɗanda suka gama aikin ofis a Turai ko Amurka, suka biyo ta kasuwar kwamfuta ta Ikeja kafin su iso nan. Sun riga sun yi shekaru, ba kuma wanda ya taɓa buɗe cikinsu.

Cutarsu ɗaya ce, kowa ya san alamunta. Da zarar hunturu ya wuce, zafin Maris da Afrilu ya shigo, sai a ji fanka tana kuka ba ƙaƙƙautawa, ƙasan na'urar ya yi zafi kamar dutsen guga, aikin da takan gama nan da nan ya koma tafiyar hawainiya, daga bisani ta mutu da kanta ana tsakiyar aiki. Idan aka kai ta wurin mai gyara, yakan ce a sake mata mai, watau abin da suke kira tamal fes. A nan ne tambaya take tasowa: wane iri, alhali akwai na kuɗi kaɗan, akwai kuma wanda tsadarsa ta ninka nasa sau da yawa?

Kafin amsa, ya kyautu a san aikin man. A cikin kwamfuta akwai ƙwaƙwalwa, watau furosesa, wadda faɗinta bai wuce na farcen babban yatsa ba. Waɗansu na'urorin suna da ta biyu, mai kula da hoto, irin wadda masu zanen gini da masu haɗa bidiyon biki suke bukata. Ƙwaƙwalwar ƙaramar kwamfuta takan fid da zafin wat 15, ta babba wat 45, ta hoton kuwa a na'urori masu ƙarfi takan zarce wat 100. Wat 45 ya kai zafin ƙarfen soda na masu gyaran rediyo, ga shi kuma dukansa ta wannan ɗan wuri zai fita. Saboda haka aka ɗora wa ƙwaƙwalwar faranti na jan ƙarfe, aka haɗa shi da bututu mai kai zafin bakin fanka, ita kuma ta hura shi waje.

To, amma kome santsin faranti da ƙwaƙwalwa a ido, fuskokinsu cike suke da ƙananan ramuka, idan aka haɗa su sai iska ta maƙale a tsakani. Masana suna da ma'aunin yadda kowane abu yake barin zafi ya ratsa shi, shi ne wanda ake gani a jikin kwali da haruffan W/mK. A wannan ma'auni jan ƙarfe yana da kimanin 400, alminiyam fiye da 200, iska kuwa 0.026 kacal. Watau iska bargo ce. Aikin man shi ne ya kore ta ya cike ramukan, ba wani abu ba. Ba ya sanyaya kome da kansa, kuma mafi kyawunsa ma bai kama ƙafar jan ƙarfe ba. Don haka ne ake son shafin ya zama siriri ƙwarai. Wanda ya labta shi da yawa yana tsammanin ya kyauta, ƙazanta kawai ya tara a gefen ƙwaƙwalwa.

Idan man ya bushe ko ya gushe, zafi yakan taru. Yawancin ƙwaƙwalen kamfanin Intel na irin waɗannan na'urori iyakarsu digiri 100 a ma'aunin Salsiyas. Da sun kusanci nan sai su rage gudu da kansu don tsira, in abin ya ci tura su kashe na'urar. Wannan shi ne sirrin tafiyar hawainiyar. Ba kuma jinkiri kaɗai ne abin tsoro ba. A shekarar 2008 kamfanin Nvidia ya ware dala miliyan 196 domin biyan ɓarnar ƙwaƙwalen hoto da suka riƙa mutuwa a kwamfutocin HP da Dell da Apple, saboda abin da aka liƙa su da shi bai jure yawan ɗumama da hucewa ba. Ƙwaƙwalwar kwamfutar tafi-da-gidanka kuwa galibi liƙe take a jikin allon na'urar, in ta mutu sai dai a sake allon ɗungurungum, kuɗinsa kuma kan kusanci na sayen wata.

Irin man da ake samu a kasuwa za a iya kasa su gida biyar.

Na fari shi ne farin nan mai araha, wanda masu gyaran rediyo da amfilifaya suka daɗe suna shafa wa taransisto. Man silikon ne aka kwaɓa da garin zinki, a ma'aunin nan kuwa yana wajen 1 ne ko ƙasa da haka. Ya fi iska nesa ba kusa ba, kuma a wurin da aka yi shi dominsa ba shi da laifi. Amma ga ƙwaƙwalwar da take tara zafi mai yawa a ɗan wuri, ƙarfinsa bai kai ba. A ajinsa ne za a sa tarin sirinjin nan marasa sunan kamfani da ake sayarwa tare da kayan gyaran waya, ko da kuwa launinsu toka-toka ne ko ruwan zinariya. Launi ba shaida ba ne, araha kuma ba ta ado.

Na biyu su ne masu suna, waɗanda duniya ta sani: MX-4 da MX-6 na kamfanin Arctic, NT-H1 da NT-H2 na kamfanin Noctua na ƙasar Ostiriya, da Kryonaut na kamfanin Thermal Grizzly na Jamus. Dukansu ba sa ɗaukar wutar lantarki, saboda haka ko sun ɗan zuba a gefe ba za su haɗa wuta ba. Ranar da aka shafa su, bambancin da ke tsakaninsu bai wuce 'yan digiri ba. Inda suke rabuwa shi ne bayan watanni, za a kuwa zo kan wannan.

Na uku shi ne mai garin azurfa, wanda ya fi shahara da sunan Arctic Silver 5, na wani kamfanin Amurka dabam da na farkon. Ya yi tashe shekarun baya. Masu yin sa da kansu sun ce yana bukatar aikin sa'o'i har 200 kafin ya zauna sosai, sun kuma gargaɗi mai shafawa kada ya bari ya taɓa ƙananan ƙafafun da ke kewaye da ƙwaƙwalwa. Labarinsa yana da darasi ga mai dogara da lambar jikin kwali. An tallata shi da lamba fiye da 8, amma da wani ɗakin gwaje-gwaje na gwamnatin Amurka mai binciken makamashi, NREL, ya auna shi a shekarar 2008, abin da aka samu bai cika 1 ba. Kowane kamfani da yadda yake awonsa, ba mai sa masa ido. Har ma kamfanonin Noctua da Arctic ba sa buga wannan lamba a kan sababbin kayansu. Ke nan idan mai shago ya nuna wata sirinji marar asali da aka rubuta wa 15 ko 20, ya ce ta fi kowacce, mai saye ya tuna cewa tawada ba ta da tsada.

Na huɗu ba mai ba ne sosai. Wani ɗan falle ne siriri, kaurinsa wajen rubu'in milimita, wanda ya fi shahara da sunan PTM7950 na kamfanin Honeywell na Amurka. Idan da sanyi a daskare yake kamar kakin zuma, in zafi ya kai wajen digiri 45 sai ya yi laushi ya bi ramukan ya cike su, in na'ura ta huce ya sake daskarewa a inda yake. Akan yanka shi daidai faɗin ƙwaƙwalwa a ɗora. A ƙasa mai zafi yakan narke a hannu ya manne wa ledarsa, shi ya sa masu gyara suke sa shi cikin firji na ɗan lokaci kafin su yanka. Ba a ganin cikakken amfaninsa ranar farko, sai ya sha ɗumama da hucewa 'yan lokuta. Aibinsa biyu ne: wuyar samu a ƙananan garuruwa, da yawan jabu a kasuwar intanet.

Na biyar shi ne narkakken ƙarfe, irin su Conductonaut na Thermal Grizzly, wanda aka haɗa da galiyam da indiyam da kuza, irin wadda aka daɗe ana haƙowa a tsaunukan Jos. An tallata shi da lamba 73, kuma babu shakka ya fi sauran duka kwashe zafi. Kamfanin Sony ya yi amfani da irinsa cikin na'urar wasa ta PlayStation 5 da ya fitar a shekarar 2020, amma sai da ya gina masa shinge na musamman don kada ya tsiyaye. Dalili kuwa, ƙarfe ne mai gudu kamar ruwa, yana kuma ɗaukar wuta. Ɗigo ɗaya ya faɗa kan allo, na'ura ta tashi aiki. Daɗin daɗawa, galiyam yana cin alminiyam har ya ruɓar da shi, alhali waɗansu ƙananan kwamfutoci da alminiyam aka yi farantinsu. Na'urar da za a sa a jaka a hau acaba da ita, a bi hanyar karkara mai gargada, ba wurin narkakken ƙarfe ba ne. Garin neman gira kada a rasa ido.

To, yanzu sai a koma ga tsagar layin dogo. Ƙwaƙwalwar babbar kwamfuta ta tebur tana da murfin ƙarfe mai faɗi, a kansa ake shafa mai. Ta tafi-da-gidanka kuwa tsirara take, fuskarta sumul kamar madubi, farantin kuma ba a ɗaure shi da ƙarfi sosai don gudun kada ta tsage. Jan ƙarfe da ƙwaƙwalwar ba sa miƙewa daidai wa daida idan sun ji zafi, na farkon ya fi saurin miƙewa nesa. Saboda haka duk sa'ad da na'ura ta ɗumama ta huce, fuskokin biyu sukan ɗan motsa, su matso man waje kaɗan-kaɗan, kamar yadda ake matse tunkuza mai ya fita. Bayan ɗaruruwan irin wannan, sai a buɗe a tarar tsakiyar ƙwaƙwalwa wayam, man duk ya taru a gefe. A garuruwan da ake yawan ɗauke wuta, ga batirin 'yan tokumbo ya riga ya gaji, na'ura takan mutu ta huce a sake kunna ta sau da yawa a yini guda, abin da ke ƙara gaggauta wannan matsewa.

Nan ne ma'aunin gaskiya yake. Mai ruwa-ruwa, mai daɗin shafawa, shi ne yake saurin gudu. MX-4 yana da laushi, yana kuma daɗewa a kwamfutar tebur, amma masu gyara a ƙasashe da dama sun sha kukan cewa a kan ƙwaƙwalwa tsirara mai zafi ba ya jimawa. MX-6 da kamfanin ya fitar a shekarar 2022 ya fi shi kauri, don haka ya fi dacewa da wannan aiki. Kryonaut yana ba da sakamako mai kyau ranar farko, sai dai alkawarin da masu yin sa suka yi na rashin bushewa ya tsaya ne a digiri 80, alhali kwamfutar tafi-da-gidanka tana wuce nan cikin sauƙi a watan Afrilu. Fallen nan mai daskarewa kuwa, da yake yakan koma ya kama jikinsa duk lokacin da na'ura ta huce, shi ne ya fi jure wannan matsewa.

Bisa ga haka, ga yadda hukunci ya kasance. Kwamfutar ofis ta wat 15, wadda aikinta rubutu ne da buga takarda da koyon jarrabawa, kowane mai na kamfanin da aka sani ya ishe ta, mai kaurin ya fi. Na'ura mai ƙwaƙwalwar hoto, wadda take yini tana haɗa bidiyo ko zane, ita ce ta cancanci a nemo mata fallen PTM7950 na ainihi daga Kaduna ko Abuja ko Jos, in bai samu ba a sa mai kauri a riƙa duba shi. Farin mai na rediyo sai in babu wani, shi ma na ɗan lokaci. Narkakken ƙarfe a bar wa masu shi. Man goge baki kuwa, da ake raɗe-raɗin wai yana aiki, ruwa ne a cikinsa, cikin 'yan kwanaki yake bushewa ya koma alli.

Amma akwai abin da ya riga duk wannan. Daga Nuwamba zuwa Fabrairu ƙurar hunturu tana shiga ko'ina, fankar kwamfuta kuma zuƙarta take yi yini guda. Ƙurar takan haɗu da zaren tufafi ta toshe 'yan siraran haƙoran da iska take fita ta cikinsu, har ta zama kamar auduga. Na'urar da hancinta ya toshe haka, ko wane irin mai aka shafa mata ba za ta huce ba. Sau da yawa ma sharar ita ce maganin, man ya sami yabon da ba nasa ba. Haka nan ɗora kwamfuta a kan katifa ko matashi yana toshe ƙofar iskar da ke ƙasanta. Tebur ko ɗan allo ya fi mata.

Sa'an nan sai hannun mai aikin, wanda ya fi sunan da ke jikin sirinji muhimmanci. Mai gyaran kirki yakan zare caja ya cire igiyar batir kafin ya taɓa kome. Yakan riƙe fanka da yatsa sa'ad da yake hure ƙura. Yakan goge tsohon man sarai da sifirit na goge kayan lantarki da ƙyalle mai tsabta, ba da fetur ko kananzir ba, ba ya kuma kai reza kan fuskar ƙwaƙwalwa, domin gefenta yana ɓantarewa kamar gilashi. Yakan shafa sabon ya rufe fuskar duka, siriri, kada wani lungu ya tsira. A jikin farantin akwai lambobi 1, 2, 3, 4 kusa da kusoshin, bisa ga jerinsu ake ɗaurewa, kaɗan-kaɗan, don nauyin ya sauka daidai. In aka ɗaga farantin bayan an ɗora, sai a goge a sake daga farko. Akwai kuma waɗansu 'yan katifu masu laushi a kan ƙananan sassan da ke kewaye da ƙwaƙwalwar hoto, kowacce da kaurinta, wata rabin milimita, wata milimita 1. Wanda ya yar da su ya cike gurbinsu da mai, ko ya sa waɗanda suka fi su kauri har farantin ya kasa zama, ya yi gyaran gangar Auzinawa.

Mai kwamfuta ba sai ya karɓi maganar kowa ido rufe ba, domin akwai manhajoji na kyauta, irin su HWiNFO da Core Temp, masu nuna zafin ƙwaƙwalwa a fili. Kafin ya kai gyara, ya sa na'urar aikin da ta saba na minti 15 da tsakar rana, ya rubuta lambar da ya gani. Ranar da ya karɓo ta ya sake, a wannan lokaci, da wannan aiki. Bayan wata ɗaya ya sake, bayan wata uku ya kuma. Lambar ranar farko kowane mai yana iya ba da ita. Ta wata uku ita ce take faɗin gaskiya. In ta tsaya kusa da inda take, an dace da mai da mai gyara. In ta koma gidan jiya, to man ya gudu, sai a nemi wanda ya fi shi kauri.

Masu gyara na Zonkwa da Kafanchan su ma akwai ribarsu a nan. Wanda ya nuna wa mai kaya sirinjin da zai yi amfani da ita, ya buɗe na'urar a gabansa ya ga ƙurar da idonsa, ya kuma rubuta masa lambar zafi kafin aiki da bayansa, ba zai rasa masu dawowa ba. Sirinji ɗaya ta giram 4 tana isar na'urori da dama, saboda haka abin da zai ƙaru a kan kowane mai kaya bai taka kara ya karya ba.

Lokacin da ya fi dacewa da wannan aiki shi ne ƙarshen Fabrairu, sa'ad da hunturu ya gama zuba ƙurarsa, zafin bazara bai kankama ba, jarrabawa kuma ba ta ƙarato ba. Wanda ya jira sai ranar da na'urarsa ta mutu da aikin mutane a cikinta, abin da ya samu a kasuwa shi zai saya.